Wanda Ya Ɗaura Noti Ba Shi Zai Kwance Ba

Ranar da ake ƙaddamar da aikin ruwa, a Anka ne ko a Gummi ko a Bukkuyum, idon kowa yana kan bakin famfo. Da ruwa ya zubo sai a yi kabbara, a yi addu'a, a ɗauki hoto, ɗan kwangila ya kama hanyar Gusau neman cikon kuɗinsa. Ba wanda ke zagayawa ƙarƙashin tanki ya durƙusa ya duba inda aka haɗa bututu da bawul, balle ya tambayi abin da ya sa wancan notin ya liƙe da bango har sufana ba ta da wurin shiga. Alhali a wannan lungun da ba a leƙawa ne ake yanke hukuncin ko famfon zai gyaru cikin yini guda ranar da ya tsaya, ko kuwa zai shafe watanni a bushe ana ta aike wa ƙaramar hukuma takarda. Ra'ayina a nan guda ne. Ingancin aikin ruwa a sauƙin kwance shi ake gane shi, kuma wannan sauƙin yana farawa ne daga yadda aka daidaita ramukan haɗi da gefen da aka zuro bol. Abu ne da ba ya cin ko kwabo a ranar aiki, amma in aka kuskure shi, gyaransa sai da injin yanka da na walda.

Bututun ruwa ana haɗa shi ta hanyoyi daban-daban. Ƙanana ana murɗa su da zare, na roba a liƙa da gam, na ƙarfe a yi musu walda. Amma duk inda ake sa ran wata rana za a raba haɗin, kamar bakin injin tura ruwa, gefen bawul, gindin tanki ko kan babbar rijiyar burtsatse, sai a sa filanji. Filanji faifan ƙarfe ne mai kauri, tsakiyarsa a huje daidai faɗin bututu, gefensa kuma an jera ramuka a zagaye. Ana liƙa ɗaya a bakin wannan bututun, ɗaya a bakin wancan, a sa gasket na roba a tsakani, sannan a zura bol ta ramukan a ɗaure da noti. Bol shi ne sandar mai kai a gefe ɗaya da zare a ɗaya gefen, noti kuma ɗan ƙarfen da ake murɗawa a kan zaren. Aikin bol shi ne ya matse fuskokin biyu su danne gasket daidai-wa-daida ta kowane ɓangare, gasket ɗin ne ke tare ruwa. Tun asali an ƙirƙiro filanji ne domin a buɗe a mayar. Don haka filanjin da aka ɗaura ta yadda ba zai buɗu ba ya ɓata dalilin sayensa: an biya kuɗin haɗi mai buɗuwa, an tashi da haɗin da bai fi walda ba, ga shi kuma ya fi walda saurin yoyo.

Wani zai ce ai wannan zancen makanikai ne, ina ruwan mai karanta mujalla. A yammacin Zamfara da ruwansa. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ankarar da hukumomi cewa yara na mutuwa fiye da kima a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, bincike kuma ya nuna gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Sunayen Dareta, Abare, Bagega da 'Yargalma sun zagaya duniya, an kuma ƙiyasta cewa yara kimanin 400 ne suka rasu. Daga watan Satumba na wannan shekarar wata tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da muhalli ta ɗebi ruwa a wasu ƙauyukan ta auna. Ta samu dalma mai yawa a kududdufai, ta samu rijiyoyin da ke buɗe da suka haura ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta maikirogiram 10 a lita guda, amma ba ta samu gubar a rijiyoyin burtsatse da ta auna ba. An kwashe gurɓatacciyar ƙasar daga baya, aikin Bagega ya gudana a 2013, sai dai abu ɗaya bai sauya ba: ranar da burtsatse ta tsaya, mutane ba sa daina shan ruwa, komawa suke yi rijiya da tafki da gulbi. A watan Agustan 2025 ma an ba da rahoton ɓarkewar amai da gudawa a ƙauyukan Bukkuyum. Ga kuma ƙasar Anka, ƙarƙashinta dutse ne mai tauri, irin wanda ke ɗauke da zinaren, ba ko'ina aka haƙa ake dacewa da ruwa ba. Rijiyar da ta yi ruwa a irin wannan wuri, kowane mako da ta yi a kulle saboda notin da ya ƙi kwancewa, lafiyar yara ce ke biyan kuɗinsa.

Ƙa'ida ta farko ta shafi filanjin kansa, tun ba a kai ga bol ba. Kundin ƙa'idar Amurka mai suna ASME B16.5, wanda ya ƙunshi bututu daga rabin inci zuwa inci 24, ya tsara cewa ramuka su zama 4 ko 8 ko 12, a yi ta ƙara huɗu-huɗu, tazararsu ɗaya, kuma kada rami ya faɗo a kan layin tsakiya. Ƙa'idar Turai, EN 1092, ita ma a kan haka take. A aikace ga abin da ake nufi. In ka tsaya gaban bututun da ke kwance ka kalli bakinsa kamar fuskar agogo, kada a ga rami a ƙarfe goma sha biyu daidai, kada kuma a gan shi a ƙarfe shida. Ramuka biyu na sama su sa layin a tsakiyarsu, ɗaya dama ɗaya hagu, tsayinsu ɗaya. Mai waldar da ya san aikinsa yakan zura ƙarfe a kowane ɗaya daga ramukan nan biyu, ya ɗora lebur a kansu, ya riƙa juya faifan har kumfar ta zauna a tsakiya, sannan ya ɗiga walda. Ba ya cin lokacin shan shayi. Ga bututun da ke tsaye kuwa, akan ɗauki layi guda, arewa ko jikin ginin, a sa ramukan kowane filanji su raba shi, a bi hakan daga farkon aiki har ƙarshe.

Babban dalilin wannan ƙa'ida shi ne masu ƙera bawul da mita da injin ruwa duk haka suke huje nasu, ko a Indiya aka yi su ko a Sin ko a Italiya. In an liƙa filanjin bututu daidai, bawul zai zauna hannunsa na kallon sama. In mai walda ya sa rami ɗaya a sama, bawul zai karkace da rabin tazarar da ke tsakanin rami da rami: digiri 45 a filanji mai rami 4, digiri 22 da rabi a mai rami 8. Karkatar digiri 45 ta isa ta sa hannun bawul ya tokari bango, ko ya kauce wa ƙofar murfin da ake zura dogon mabuɗi ta cikinta daga sama. Abin ya fi muni a kayan da aka haɗa a wani gari. In an yi waldar gwiwa da filanjinta a Gusau ko Kano aka ɗoro a mota zuwa Bukkuyum, ƙa'idar nan ce kaɗai ke tabbatar da cewa za ta shiga gurbin da aka auna mata. In ba ta shiga ba, an yi asarar kuɗin mota da kwanaki. Akwai ƙananan amfani biyu kuma. Bol biyu na ƙasa, in aka fara zura su, sukan zama mazaunin gasket, ya tsaya a kansu ba ya zamewa yayin da ake jawo bututun. Sannan ɗigon ruwa, wanda kullum ƙasa yake gangarawa, yakan bi tsakanin bol biyu ya sauka maimakon ya kwanta a kan guda yana cin sa da tsatsa. Wannan na ƙarshen bai kai na farko nauyi ba, amma duk wanda ya taɓa ganin notin ƙasa ya koma ɓawo ya san ba banza ba ne.

Ƙa'ida ta biyu ba a rubuta ta dalla-dalla a kundi ba, hankali ne ke kawo ta, shi ya sa aka fi karya ta. Kowane bol yana bukatar fili iri biyu. Gefen da kansa yake yana bukatar tsawo, domin ta nan za a zaro shi, kuma sai an samu sarari a bayan filanji wanda ya kai tsawon bol ɗin gaba ɗaya. Gefen noti kuwa ba ya son tsawo sosai, faɗi yake so, inda sufana za ta kama ta yi lilo. Wanda ya riƙe wannan bambanci ya gama fahimtar rabin aikin. Ɗauki misalin bawul mai kumburarren ciki. Tsakanin filanjinsa da cikinsa ɗan wuri ne matsattse, noti zai shiga, amma doguwar sanda ba za ta fito ta nan ba. Hikima ita ce a zuro bol daga gefen bututu, inda yake miƙe ba abin da ya tare, noti ya zauna a gefen bawul. To amma in gefen bututun gwiwa ce ta biyo nan take, ko ginshiƙin kankare, sai lissafin ya juye, a nemi gefen da ya fi sarari. Yadda ake faɗawa tarko kuwa sananne ne. Ana haɗa bawul da guntayen bututunsa a fili, a ƙasa, inda kowane gefe a buɗe yake, a ɗaga a dasa, sannan magini ya zo ya gina rami ko ya zuba kankare a kewaye. A ranar komai ya yi kyau. Bayan shekara uku mai gyara zai kwance noti lafiya lau, ya turo bol, bol ya yi tafiyar rabin yatsa ya ci karo da bulo. Daga nan sai zarto, ko a fasa ginin. Haka nan bawul ɗin nan siriri da ake matsewa tsakanin filanji biyu, bol ɗinsa dogaye ne ƙwarai domin sun ratsa filanji biyu da jikin bawul, filin zaro su ya ninka na sauran.

Maganin da masana'antun mai da gas suka daɗe da runguma shi ne sanda mai zare daga kai har ƙafa, ba ta da kai, noti biyu ake sa mata. Irin wannan, duk notin da ya yarda ya kwance, sai a zare ta ɗaya gefen, an samu ƙofa biyu maimakon ɗaya a kan kuɗin ƙarin noti guda. Ko da wace iri aka yi aiki, tsawon ya zama daidai. Zare ya cika noti ya ɗan leƙo, layi biyu ko uku, shi ke nan. Ragowar zare mai tsawo da aka bari a waje ita ce ke kwasar tsatsa da fenti da bugun guduma, kuma ta kanta noti zai bi kafin ya fita. A bututun da ke tsaye, inda filanji ke kwance, ma'aikata sun rabu biyu. Wasu sun ce kai a sama noti a ƙasa, domin ko girgiza ta kwance noti ya faɗi, bol yana nan a raminsa yana riƙe da haɗin. Wasu sun ce noti a sama, inda ido zai gan shi, sufana kuma ta same shi ba sai an kwanta ba. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma ƙarfin haɗin ɗaya ne ko ta ina aka juya. Ni dai ina ganin inda injin ke girgiza, kai a sama ya fi. A kan rijiya kuwa, inda filanji ke dab da daɓe ko a bisa buɗaɗɗen rami, notin da ke ƙasa wahala ce, kuma ƙarfen da ya suɓuce ya faɗa cikin burtsatse yana iya maƙale injin da ke ciki. Abin da ba shi da hujja shi ne a gauraya, wannan ya kalli gabas wancan ya kalli yamma a filanji guda, mai gyara ya yi ta zagaye yana sauya hannu.

Fili ga sufana ba don jin daɗin makaniki kawai ba ne, shi ke sa haɗin ya daina yoyo. Filanji ba a ɗaure shi bi-da-bi a zagaye tun farko. Ana ɗaure wannan, a tsallaka zuwa wanda ke fuskantarsa, a dawo gefe, a sake tsallakawa, kuma ba a kai ƙarshen ƙarfi a zagayen farko. Kundin ASME PCC-1, wanda ya fara fitowa a shekarar 2000, ya ba da tsarin hawa-hawa: kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin da ake nema, sannan kusan kashi 60, sannan duka, a ƙarshe a bi su a zagaye har sai babu notin da ke ƙara motsi. Noti ake murɗawa, kan bol riƙewa ake yi, kuma a shafa giris a zare da ƙarƙashin noti, domin mafi yawan ƙarfin hannun mai ɗauri a gogayyar ƙarfe da ƙarfe yake ƙarewa. To yaya za a yi wannan zagaye huɗu in noti biyu daga cikin takwas suna manne da daɓe? Abin da ke faruwa shi ne na sama su sha ɗauri har gasket ya tsinke, na ƙasa a bar su yadda yatsa ya kai su. Ruwa ya fara ɗiga ta ƙasa, ɗigon ya kawo tsatsa, tsatsa ta haɗe noti da bol. A garuruwan bakin Gulbin Zamfara abin yana da ƙari. Ambaliyar da ta afka wa Gummi a watan Agustan 2024 ta raba dubban mutane da gidajensu, kuma duk ramin bawul da irin wannan ruwa ya haura, laka yake bari a ciki, notin ƙasa ne ke fara nutsewa. Ramin da aka bar wa sarari a ƙarƙashin bututu, aka kuma naɗe notunansa da tsumma mai giris, shi ake iya yashewa a ci gaba da aiki. Wajen kwancewa ma akwai tsari: a fara sassauta notunan da ke nesa da kai, domin in akwai ragowar matsin ruwa ya fesa can, kuma kada a cire duka sai an tabbata bututun yana da abin da ya tallafe shi.

Akwai wata masifar da ke shigowa daga kasuwa. Kayan ruwan da ke ƙasar nan ba ma'auninsu ɗaya ba, wasu na Amurka ne, wasu na Turai, ga tsofaffin na Ingila a tsofaffin gidajen ruwa. Filanjin inci 4 na Amurka, aji na 150, yana da rami 8 a kan da'ira mai faɗin milimita 190 da rabi. Takwaransa na Turai, DN100 PN16, shi ma rami 8 ne, amma da'irarsa milimita 180 ce. A ido kamar tagwaye, a wurin aiki ba sa haɗuwa. A inci 3 ma bambancin ya fi fitowa fili, na Amurka rami 4, na Turai rami 8. Wanda aka aika Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ya ce a ba shi bawul inci huɗu, bai faɗi komai ba tukuna. In ya dawo da wanda bai dace ba, abin da aka saba yi shi ne a faɗaɗa ramuka da wutar walda, ko a sa siraran bol, ko a ɗaura huɗu a bar huɗu. Duka ukun yoyo suke haifarwa. Abin da zai hana wannan bai wuce a rubuta ma'aunin filanji da girman bol a jikin bangon ɗakin injin ba, da fenti, inda kowa zai gani. Bol mai lamba M16 sufana 24 ke kama shi, M20 kuma sufana 30. Mai gyaran da ya san haka tun daga gida ba zai zo da jakar da babu abin da yake bukata ba.

Yanzu ga masu ja. Na farko zai ce yankin da ke fama da 'yan bindiga, da ƙauyukan da aka tasa, da rashin kuɗin man janareto, ina shi ina zancen gefen da noti ya kalla? Gaskiya ne cewa daidaita bol ba zai kawo tsaro ba. Amma rashin tsaron shi ne ya ƙara wa zancen nauyi. A garin da mai gyara ke iya zuwa da safe, ya ga ya manta injin yanka, ya koma ya ɗauko kafin azahar, kuskuren ɗauri ɓata lokaci ne kawai. A ƙauyen da ke nesa da kwaltar Mayanci zuwa Anka zuwa Daki Takwas, inda kowace tafiya sai an yi tambaya an yi addu'a, zuwa na biyu yana iya zama bayan wata guda, ko ma ba za a sake zuwa ba. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a faɗin Zamfara na tsawon makonni, ko kiran makaniki bai yiwuwa. Aikin da za a yi a irin wannan ƙasa dole ya zama wanda mutumin gari zai buɗe da sufana biyu, ba tare da wutar lantarki ba. Kuma cikin duk matsalolin da aka lissafa, wannan ce kaɗai ba ta bukatar kasafin kuɗi. Tun ran gini ran zane.

Ja na biyu ya fi ƙarfi, kuma ya cancanci a saurare shi. Abin da ya yi wa mai gyara sauƙi, ya yi wa ɓarawo sauƙi. Ana satar injin da ke cikin rijiya, ana satar faifan sola, shi ya sa wasu da gangan suke ɗiga walda a kan noti ko su binne haɗin cikin kankare. Tsoron nasu gaskiya ne, dabarar ce ba ta biya. Ɓarawo ba ya tausayin bututu, zai sa zarto ya yanke a inda ya ga dama ya tafi. Mai gyara ne ke son ya mayar da komai yadda yake, don haka shi waldar ta ɗaure wa hannu. Sannan zafin walda yana ƙona gasket na roba da ke kusa, yana kuma cinye rufin da ke kare bol daga tsatsa. Tsaro a wajen haɗin ake yin sa: akwatin ƙarfe ko ɗaki mai ƙofa da kwaɗo, mabuɗi a hannun kwamitin ruwa ko mai unguwa. Notin da ake karye kansa bayan ɗauri yana da wurinsa a jikin ƙarafan sola, waɗanda ba a sa ran taɓawa. A bakin injin da dole a fito da shi lokaci-lokaci ba shi da wuri.

Ja na uku shi ne yawancin rijiyoyin ƙauye ƙanana ne, bututunsu inci ɗaya da kwata mai zare ko na roba, babu filanji ko ɗaya. Haka ne, kuma a nan ƙa'idar ta koma kan wani abu, wato a sa mahaɗin da ke kwancewa kafin bawul da bayansa, don kada a yanka bututu duk ranar da za a sauya. Amma ko famfon tuƙa-tuƙa filanji ne ke riƙe da shi. A samfurin India Mark II, wanda ya bazu a Afirka tun bayan ƙirƙiro shi a shekarun 1970, kan famfo da tankinsa da gindinsa duk da faifan ƙarfe da bol aka haɗa su, kuma in ba a daidaita faifan gindin da lebur ba kafin kankare ya kama, sandar ciki za ta yi ta goga har ta ci kanta. Tarihin waɗannan famfuna ma shaida ne ga abin da nake faɗi. A shekarun 1980 masana sun lura cewa famfo mai ƙarfi wanda sai tawaga da manyan kayan aiki ke iya buɗewa yakan daɗe a mace in ya lalace. Daga nan aka fito da Afridev, wanda aka gwada a Malawi da Kenya, aka tsara shi yadda mutumin ƙauye zai zaro kayan cikinsa ya sauya roba da 'yan kayan aiki kaɗan ba tare da ɗaga bututu ba. Duniya ta yarda tun lokacin cewa famfon da ya fi saurin gyaruwa ya fi wanda ya fi jinkirin lalacewa amfani. Abin da ake nema a filanji shi ne wannan tunanin, a kan manyan bututun gidajen ruwa na garuruwa, da tankunan sola na asibitoci da makarantu, da injinan ban-ruwa na fadama.

Akwai kuma mai cewa makanikanmu gwanaye ne, ba abin da ke gagarar su. Ba na musu. Mutumin da ke yanka tsohon tib na taya ya fitar da gasket, ya kwance notin da ya haɗe da guduma da kurfi, ba a raina basirarsa. Sai dai wannan basirar tsada gare ta. Kowane bugun kurfi yana iya tsaga fuskar filanji ko jikin bawul, musamman na baƙin ƙarfen zubi da ba ya jure duka, kowane yanka yana rage tsawon bututu, har a wayi gari haɗin ya zama faci a kan faci. Gwanintar da ake kashewa wajen warware kuskuren wani, da an bar ta ga ainihin gyaran da ya kawo shi. Inda wuri ya matse da gaske, akwai kayan da aka yi domin haka: filanji mai zobe da ke juyawa a bayan bakin bututu, wanda ake yawan gani a baƙin bututun roba mai kauri, yana barin a juya ramuka su dace da na bawul, akwai kuma haɗin da ke tsukewa ya ba da ɗan sarari a zaro bawul ba tare da an ture bututu ba. Suna ƙara kuɗi kaɗan, amma ba su kai kuɗin fasa rami a sake ginawa ba.

Tushen matsalar shi ne wanda ya ɗaura ba shi ke kwancewa ba. An biya shi ya fito da ruwa, ya fito da shi, wahalar ta rage wa wani da bai san sunansa ba. Roƙo ba ya gyara irin wannan, sharaɗi ke gyara shi. Hukumar ruwa ta jiha, da hukumar samar da ruwa a karkara, da sassan ayyuka na ƙananan hukumomin Anka, Gummi da Bukkuyum, da ƙungiyoyin agaji da 'yan majalisar da ke haƙa rijiyoyi a mazaɓunsu, su sa a cikin takardar kwangila cewa ramukan filanji su raba layin tsakiya, kowane bol ya zaru ba tare da an taɓa gini ba, ma'auni ya zama ɗaya a duk aikin kuma a rubuce a bango, a bar wa gari sufanun da suka dace da ragowar bol da gasket. Ku kuma hakimai da dagatai da 'yan kwamitin ruwa, gwajin ba ya bukatar digiri. Kafin a sa hannu a takardar kammala aiki, a kira makanikin garin, a miƙa masa sufana a gaban ɗan kwangila, a nuna masa haɗin da ya fi shiga lungu, ya kwance shi ya mayar. In ya buɗu ya rufu ba yoyo, a sa hannu. In ya ƙi, aikin bai ƙare ba, kada a biya cikon kuɗi sai an gyara.